Kifin da Ke Kan Gonar Babanmu

Yayata Aldenora ba ta taɓa cin kifi da daɗin rai ba sai da ta haura shekara arba'in. Mu 'ya'yan manomi ne, wake da garin rogo da naman akuya muka sani, kifi kuwa abincin makon Ista ne, a ci don dole a wanke hannu. Da wani ya ce mana wata rana da kifi za a san ta a garin nan, da mun ce rana ce ta taɓa masa kai. Ni ce ƙanwarta Expedita, shekara shida ta ba ni, kuma ita kaɗai ke kirana Dita. Rumfar suyar kifi gare ni a bakin titi, saboda haka duk abin da ya sami kifinta sai ya biyo ta kaina.

Gonar babanmu Anacleto a bakin kogi take, a tsohon garin Jatobá, nan jihar Ceará. A ƙofar gidan akwai wata ƙatuwar magarya wadda ko fari ya kai fari ba ta zubar da ganye. A gindinta muke shan kofi da mazarƙwaila, a nan kuma Baba ke zama yana leƙen gabas. Kowa a wajenmu ya san cewa in ranar Waliyyi Yusufu, sha tara ga watan Maris, ta wuce sama ba ta zubo ba, to shekarar ta tafi ke nan. Shi ya sa a ranar ake fito da siffar waliyyin daga coci a zaga gari da ita ana roƙon ruwa. Baba yana da tasa al'adar a kan ta kowa. Duk shekarar da ruwa ya sauka a wannan rana, kowane mai rai a gidanmu sai ya ci ninki, awaki da kaji da jaki, har karen da ba ya tsinana komai. Cewa yake tunda Allah ya buɗe hannunsa, abin kunya ne mutum ya dunƙule nasa. Aldenora ce ke riƙe masa kwanon hatsin.

Baba ya rasu kafin a gama ginin madatsar ruwan da aka yi a kan koginmu, kuma har gobe ina ganin sauƙi Allah ya yi masa. Aka kwashe mu zuwa sabon gari a kan tudu, tituna a miƙe, gidaje iri ɗaya har mutum ya faɗa gidan maƙwabci bai sani ba. Kaburbura ma an tone an kai sabuwar maƙabarta, amma ita gona ba ta ɗaukuwa. Cikin damina biyu ruwa ya haɗiye gidan da gonar da magaryar. Mijin Aldenora, Osmar, wanda tun yana yaro yake bin shanu, ya zauna a kujera a ƙofar sabon gida ba ko saniya ɗaya. Shekara uku ya yi a haka ya bi Baba. Likita ya ce zuciya ce, mu ma ba mu musa ba.

A shekarar da ya rasu aka kafa ƙungiyar masu kiwon kifi a keji, aka ce duk wanda ruwa ya cinye wa gona ya zo a koya masa. Yayata ta je da baƙin kayan takaba a jikinta. Ranar rabon wurare kowa ya yi rububin bakin madatsa, inda ruwa ke da zurfi kuma iska ke kaɗa shi. Ita kuwa ta ce a ba ta wani lungu can gefe, inda ba wanda ya ko kalla. Maza suka yi ta dariya suna cewa gwauruwa ta tsorata da zurfi. Ni kaɗai na gane. Ta sa na tuƙa ta a kwalekwale, tana duban dutsen da ke bayan tsohon gari tana duban wani tsagin tudu, ta ce in yi gaba, in koma baya kaɗan, in tsaya. Ta leƙa ruwan ta daɗe, sannan ta ce nan ne ƙofar gida. A nan ta kafa kejinta goma sha biyu, a jere, daga cikin lungun zuwa bakinsa.

Shekarun farko ba a cewa komai. Madatsa cike take, ko a lungun nata ruwan ya fi tsayin gidan sama. Karfasa ta yi ta ƙiba, motoci suna zuwa saye daga birnin Fortaleza tun da sassafe. Da kifin nan ta yi wa 'yarta tilo, Marinalva, karatun jinya, da shi ta sake rufin gida. Ta san kifinta kamar yadda Baba ya san awakinsa. Kafin ta watsa abinci sai ta ƙwanƙwasa gefen kwalekwale sau uku, su kuwa su taso ruwan ya yi ta tafasa. Ina yi mata tsiya cewa saura ta raɗa musu suna ta kai su coci a yi musu baftisma. Ba ta cika dariya ba, amma wannan takan sa ta murmusa.

Sai ruwan sama ya fara wasa da mu. Fari ba baƙonmu ba ne, da shi aka haife mu, amma namu na da yakan yi shekara ɗaya ko biyu ya sake mu. Wannan ya zauna shekara shida. Ga wani zafi da ko tsofaffi suka ce ba su san irinsa ba, mutum ya tsoma hannu a madatsa da hantsi ya ji kamar ruwan wankan jego. Ruwa ya yi ta ja da baya, har wata rana kan magaryarmu ya ɓullo, busasshe, fari fat. Aldenora ta kwance igiyar kejinta daga dutsen da ta nutsar don ya riƙe su, ta ɗaure a jikin itacen. Tun daga ranar ban ƙara jin tana kiran wurin lungu ba, gida take cewa.

Ƙungiya tana da malamar gona, Joelma, mace mai haƙuri wadda ni da na kasance a matsayinta da tuni na zazzage wa mutanen nan abin da ke cikina. Ta tara mu a ƙarƙashin rumfata ta bayyana mana. Ta ce in zafi ya daɗe, ruwan madatsa yakan rabu biyu. Na sama mai ɗumi ne, da iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa. Na ƙasa kuwa ya kwanta a kan kashin kifi da ragowar abinci na shekara da shekaru, ya ruɓe, ba iska ko kaɗan. Ranar da ruwan sama mai sanyi ya zubo da ƙarfi, na saman sai ya yi nauyi ya nutse, na ƙasan ya taso. Kifin da ke sake zai gudu, na keji ba inda za shi. Kuma kifin da ya ƙoshi ya fi mai jin yunwa buƙatar iska. Saboda haka a rage yawan kifi a keji, a sayar da manya kafin damina, in an ga hadari a hana su abinci, masu keji a lungu kuma su ja su zuwa zurfi. Da ta zo nan ba ta kalli kowa ba, amma duk mun san da wa take.

Bayan an watse ta tsayar da yayata.

"Mama Aldenora, ruwan da ke ƙarƙashin kejinki bai fi tsayin mutum biyu ba yanzu. Ga wuri na ajiye miki a bakin madatsa."

"'Yar nan, na gode. Amma kifina a gidan ubana yake."

"Ranar da ruwan sama zai zo nake jiye miki."

"Ke kuwa wace irin haihuwar Ceará ce, da za ki tsoratar da ni da ruwan sama?"

Gaskiya ni ma a ranar bayan yayata na bi. Mu da muka binne shanu saboda ƙishi, muka sha ruwan tanka mai warin ƙarfe, a ce mana ruwan sama abin tsoro ne? Kunnenmu ya ji, amma zuciyarmu ba ta da inda za ta ajiye maganar.

Marinalva kuwa tun da ruwa ya fara ja take kira duk Lahadi. Ta gyara wa uwarta ɗaki a gidan da take haya a Fortaleza, a hawa na tara, har gado ta saya. Ta ce Mama ta kusa sittin, gwiwa ta fara ciwo, me ake da wahalar kwalekwale. Aldenora ta taɓa zuwa ta yi kwana huɗu, ta dawo ta ce mini ta tagar ɗakin ba a ganin komai sai tagar wasu. Ta tuna mini da Osmar da kujerarsa. Na san in aka raba ta da ruwan nan, ba za ta kai shekara ukun da shi ya yi ba.

A shekara ta shida ta farin, Ista ta faɗo ƙarshen Maris. Kowa ya san makon Ista ne kasuwar kifi, har wanda ba ya zuwa coci ba ya cin nama a ranar Jumma'ar. Don haka duk mai keji yakan riƙe kifinsa ya yi ta ɗura masa abinci sai makon ya zo. Kejin yayata sun cika maƙil da manyan karfasa, saura kwana goma a kwashe.

Ranar Waliyyi Yusufu muka fito zagaye da la'asar, sama ba ko ɗigon gajimare tun safe. Muna kaiwa bakin kasuwa iska ta juya. Kafin mu koma coci gari ya yi baƙi, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya gudu. Tsofaffi suka durƙusa a cikin taɓo, fadan coci ya cire tabarau yana share fuska, ni kaina da ba na kuka a gaban mutane sai da na yi. Na waiwaya na ga Aldenora tsaye, fuskarta a sama, ta koma yarinyar nan mai riƙe wa Baba kwano. Ta kamo hannuna ta ce, "Dita, mu je. Yau kowa ninki zai ci."

Da ruwan ya ɗan tsagaita muka gangara. Ta ɗauki buhu uku a kwalekwalenta ta fara daga gindin magarya, ta ba ni buhu guda ta ce in ari na maƙwabci in je in ba keji ukun da ke can bakin lungu. Ina sanye da rigar coci da takalmin da sau biyu na taɓa sawa, sanyi ya shige ni, ga tsawa tana ta rugugi, ni kuwa tun ina yarinya ba na shiri da tsawa. Na tuƙa har rabin hanya, na duba na ga ta ba ni baya, na juya abina. Buhun na kai rumfata na rufe da leda. Da ta tambaye ni daga baya, na ce sun ci har sun bari.

Washegari da asuba warin ne ya fara tarar mu tun daga kan tudu, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan lungun ya koma baƙi. Da muka matsa, sai ga keji a fari fat, ciki sama, kifi kan kifi, waɗansu suna buɗe baki a hankali suna rufewa. Ungulaye har sun jeru a kan magarya. Aldenora ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa gefen kwalekwale sau uku kamar kullum. Ruwan bai motsa ba. A duk rayuwata ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nata a lokacin ba.

Na bakin madatsa su ma sun yi asara, amma kaɗan. Namu keji tara ne suka tafi gaba ɗaya. Ukun da ke bakin lungu kuwa, kifin yana sama yana haki, wasu sun mutu, amma mafi yawa suna da rai. Mazan da suka yi mata dariya shekarun baya su ne suka zo da motar haƙa rami, muka wuni muna jidar kifi muna zubawa ana barbaɗa farar ƙasa. Joelma tana cikinmu, hanci ɗaure da ƙyalle, ba ta ce ai na faɗa ba ko sau ɗaya. Sai dai ta tsaya a kan keji ukun nan tana mamaki. Ta farke cikin kifi guda ta duba, ta ce waɗannan ba su ci komai ba jiya.

Yayata ta juyo ta dube ni. Na ce, "Yaya, ƙarya na yi miki. Buhun yana rumfata."

Na shirya wa faɗa, don ta iya shi in ta so. Sai ta zauna a kan duro, ta dubi tafin hannunta, ta ce, "To ni ce na kashe su ke nan. Da hannuna, ina murna."

Kwana biyu bayan haka Marinalva ta iso da motar haya da jakunkuna biyu babu komai a ciki. Ba ta zo da wasa ba. Ta ce ta gaji da kwana da fargaba, ta ce Inna Dita ki sa baki mana, ke ma kin ga abin da ya faru. Yarinyar kuwa ba ta faɗi ƙarya ba. Aldenora ta bar ta ta gama tsaf, sannan ta ce a ba ta zuwa Istar baɗi. In kifin ya sake mutuwa, da ƙafarta za ta hau motar, ba sai an zo ɗaukarta ba. Marinalva ta sa ta ta maimaita a gabana, ta bar jakunkunan a bayan ƙofa ta tafi.

Ranar Litinin bayan Ista muka je da Joelma da jirgi mai inji na ƙungiya. Igiyar ta shekara uku a jikin magarya, ƙullin ya ci cikin itacen. Mai jirgin ya zaro wuƙa, yayata ta ce ya mayar. Ta yi kusan rabin awa tana kwancewa da farce da haƙori, har yatsunta suka yi jini. Da igiyar ta saki, ta naɗe ta a hannu, ta zauna ta ba magaryar baya. Har muka isa bakin madatsa da keji uku a bayanmu ba ta waiwaya ba.

Daga nan ta zama wata ɗaliba mai ban haushi. Ta karɓi ma'aunin zafi a wurin Joelma ta ɗaura masa zare, kullum da sassafe sai ta zura shi sama da ƙasa ta duba bambancin. Kejin da a da take zuba wa kifi dubu, yanzu ɗari shida. In gari ya wayi da lumshi, ko ta ga kifi yana haki a sama, ba abinci ranar, ko da kuwa ni zan yi ta mita cewa rumfata na jira. Manyan ta kwashe su tun watan Janairu, wasu aka sayar, wasu muka sa musu gishiri muka shanya don makon Ista. Samu ya ragu, ba zan ɓoye ba, har sai da na haɗa da sayar da dambun masara.

Ruwan ranar waliyyin nan kuwa bai yi wani ƙarko ba, sau uku ya ƙara ya ɗauke. Kafin ƙarshen shekara lungun ya ƙafe ƙaf. Ƙasar Baba ta fito, baƙa, a tsattsage, ga tushen ginin gidanmu, ga dutsen niƙan mahaifiyarmu a inda ta bar shi. Shekara goma sha bakwai rabonmu da taka wurin. Aldenora ba ta tsaya kallo ba, ta koma gida ta ɗauko fartanya. Ta shuka wake a gefen da ke da sauran laima, kuma ban taɓa ganin wake ya yi kyau irin wannan ba, don ƙasar ta sha takin kifi. Da safe tana kan keji, da yamma tana gona. A watannin nan har ƙiba ta yi.

Da ranar Waliyyi Yusufu ta zagayo, a hanyar coci na ce mata, "Yaya, kin san dai in madatsa ta cika, gonar ta tafi." Ta ce ta sani. In kuma ba ta cika ba, ko bakin madatsar ma ba zai kai baɗi da zurfinsa ba, wannan ma ta sani. Ta shige gaba ta kama sandar da ake ɗaukar siffar waliyyin da ita, muryarta ta fi ta kowa a wajen roƙo.

Ruwa ya sauka da yamma. Ta zuba wa kajinta da akuyarta ninki, sannan ta ce in raka ta keji. Ba ta ɗauki buhu ba. Kifin ya ji motsin kwalekwale ya taso yana neman abinci, ita kuwa ta sa hannuwanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Na ga leɓenta na motsi, ban tambaye ta da wa take magana ba. Kwana uku ta hana su ci. Kifi goma sha ɗaya ne suka mutu, ni na soya su. Ranar Ista ta aika wa Marinalva jakunkunanta biyu a motar kasuwa, cike da busasshen kifi.

Daminar ta zauna sosai, irin wadda muka manta da ita. Cikin mako biyar ruwa ya shigo lungun. Ranar da ya kai gonar muka je da kwanduna, muka shiga har gwiwa muna tsinkar ɗanyen wake, abin da ya nuna da wanda bai gama nuna ba. Dutsen niƙan ya riga ya nutse, tushen ginin ma sai da ƙafa muke jin sa. Da muka gaji muka tsaya a gindin magarya, ruwa yana zagaye mu a hankali. Na ce mata ko mu dawo gobe da wuri mu ƙarasa. Ta ce gobe ba za a samu ba.

Ta dafa itacen ta ce, "Sau biyu ke nan ina rasa gonar nan, Dita. Amma wannan karon ni na roƙa."

Ta ɗora kwandonta a ka, ta ce mu yi sauri, yau gari ya washe, kifi zai ci abinci.